Ƙusar da Ba a Ƙarasa Bugawa

Jiya bayan La'asar kuka tare ni a ƙofar masallaci, ku shida, kowa da waya a hannu. Wai ranar Asabar za ku yi gayya ku sauya wa gidan Hajiya Uwani sayidin, wato rigar bangon waje, tun da mijinta ya rasu bangon yake zubewa. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Amma da na tambayi wa zai tsaya a kan aikin, sai ɗayanku ya miƙo mini waya har hanci, ya ce, "Baba, ai ba wuya, bidiyon ma minti goma sha biyu ne. Kai dai ka zo ka zauna a kujera ka sa mana albarka." Kujera! Shekara talatin da huɗu ina kan tsani a garin nan, yau kujera ce rabona. Ban tanka muku a wurin ba, don raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci bakina ba ya zaɓen magana. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda Hausa ta yi masa nauyi ya kai wa babarsa ta karanta masa.

Sunana Sabo, in akwai wanda bai sani ba a cikinku, don na ga kowa Baba kawai yake ce mini. A Fagge aka haife ni, a Kano. Mahaifina kafinta ne, rufin kwano ne aikinsa. Na zo New York a 1966 ina tuƙa wani jami'i na ofishin jakadanci. Bayan shekara biyu aka mai da shi gida, ni na tsaya. Na wanke kwanuka, na share bene, har ran da na ga wani tsohon ɗan Italiya a Staten Island yana fama da sauke tsani daga mota shi kaɗai, na kama masa. Bito ake ce masa. Ya dubi hannuna, ya tambaye ni ko ina tsoron sama. Na ce a kan rufi na girma. Washegari na fara aiki.

Sayidin riga ce ake sa wa gida. Gidajen unguwannin nan katako ne a ciki, ruwa da ƙanƙara kuwa ba sa raga wa katako, sai a lulluɓe bangon daga waje. A zamaninmu alminiyam ake yayi. Falle-falle ne dogaye, kowanne ƙafa goma sha biyu da ɗoriya, ana jera su daga ƙasa zuwa sama, na sama ya maƙale a bakin na ƙasa ya rufe ƙusoshinsa. Ku lura da wannan: in an gama bango, ba mai ganin ƙusa ko ɗaya. Duk abin da ka yi, mai kyau ko maras kyau, ya shige ƙarƙashi.

Bangon da aka fara ba ni na wani gareji ne, a watan Yuni na 1968. Bito ya nuna mini da hannu, ya zagaya gaban gida. Ni kuma na ce yau tsohon nan zai san ɗan wa ya ɗauka. Mahaifina bugu uku yake wa ƙusa, na ukun sai kanta ya nutse a kwano, don in ka bar ta sako-sako iskar farkon damina za ta kai rufin unguwar gaba. Haka na yi. Kafin azahar na jera falle bakwai, ina gumi ina jin daɗin kaina. Bito ya dawo, bai ko dubi fuskata ba. Ya ɗora tafin hannu a kan falle ya tura shi gefe. Bai motsa ba. Ya tura na biyu, ko gezau. Ya ce, "Cire."

Na ce, "In cire me?"

Ya ce, "Duka."

Wallahi kamar in jefar da guduma in kama hanya. Sai ya zaro dayim daga aljihu, ɗan siririn sulen nan na Amurka. Ya ɗauki sabon falle, ya nuna mini cewa ramin ƙusar ba zagayayye ba ne, tsaga ce mai tsawo. Ya kafa ƙusa a tsakiyar tsagar daidai, ya buga, ya tsaya tun ba ta zauna ba, ya zura dayim ɗin tsakanin kan ƙusar da fallen. Ya tura fallen, ya tafi dama, ya dawo hagu. Ya ce, "Sabo, wannan ba buga shi ake yi ba, rataye shi ake yi. Ƙarfen nan yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Garinku zafi ne kullum, nan kuwa wata shida wuta, wata shida ƙanƙara. In ka ɗaure shi, tafiyar dai sai ya yi ta, sai dai ya yi ta waje." Na cire falle bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, yana zaune a kan bokiti yana cin burodi. Wata uku na yi da dayim a baki kamar goro, ina gwada kowace ƙusa, kafin hannuna ya koyi tsayawa da kansa.

Ku da kuke cewa ba wuya, bidiyon naku ya nuna muku yadda ake tsai da hannu? Buga ƙusa har ƙarshe kowane sakarai ya iya. Ka tsaya saura kaɗan, sau dubu a yini, a saman tsani, cikin sanyin da ba ka jin yatsunka, wannan ne aikin. Ga almakashi biyu, na yankan hagu da na yankan dama, in ka ɗauki wanda ba shi ba bakin fallen ya murɗe. Ga igiyar alli da ake buga layin farko da ita, don tsofaffin gidajen nan duk sun zauna ta gefe ɗaya, in ka bi ƙasan gida maimakon ka bi ma'auni, sai ka kai taga ka ga kamar gidan zai kwanta. Sannan ga birek. Birek wani dogon injin hannu ne da ake lanƙwasa alminiyam a kai, a yi wa taga da ƙofa baki. Na Bito ya girme ni a ƙasar nan, kuma shekarata biyu ina yi masa aiki kafin ya yarda na taɓa hannun injin. Mai birek da mota shi ne maigida. Wanda ba shi da su, komai iyawarsa, ɗan ɗauko-miƙo ne.

Akwai wani gida a Bronx, a wani lungu bayan titin Grand Concourse, a 1971. Muka ɓamɓare tsohon katakon waje, sai ga ƙarƙashin tagar kicin ya ruɓe, na sa yatsa ya shige kamar cikin dafaffen dankali. Mai gidan ya leƙo, ya ce sayar da gidan zai yi, mu rufe kawai, wa zai gani? Bito bai yi musu da shi ba. Ya ce mini, "Naɗe igiya." Muka sauke tsani, muka loda mota, mutumin yana bin mu har titi yana zagi. A hanya Bito ya ce mini abu ɗaya: "Duk abin da ka sa fallenka a kai, ya zama naka." Na gyaɗa kai kamar na ji. Ashe ban ji ba.

A ƙarshen 1973 gwiwoyinsa suka gaza. Sai ya hau tsani da ƙyar, ya sauko da baya yana zagin ƙafarsa da yarensu. Yana da ɗan 'yar'uwa da yake aiki tare da mu, mai saurin hannu da son a tashi da wuri. Kowa ya ɗauka shi zai gaji kayan. Ran nan muna cin abincin rana Bito ya ce mini shekara mai zuwa zai ajiye aiki, kuma ni yake so ya bar wa motar da birek ɗin. Amma sai na yi gida guda ni kaɗai, daga layin farko har ƙarƙashin rufi, ba ya nan. Ya ce in nemo gidan da kaina, zai ara mini kayan. Ku gane abin da ke gabana: baƙar fata, baƙo, mai Turanci rabi-rabi, a ce ga mota da suna da masu kira. Irin wannan ƙofa ba ta buɗuwa sau biyu a wancan zamani.

Gidan da na samu na Alhaji Habibu ne, a Flatbush. Alhaji Habibu mai haɗa magani ne a wani asibiti, kuma a iya sanina yana cikin Hausawan farko da suka sayi gida nasu na kansu a Brooklyn. Ba baƙo ba ne a wurina. Lokacin da maigidana na ofis ya koma gida na rasa wurin kwana, a falonsa na yi wata huɗu. Da zan yi aure, shi ya tsaya mini a matsayin uba. Ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Da na je masa da maganar, ya ce, "Haba Sabo, ga namu a gida, me zai kai ni wurin wani?"

Na fara a watan Maris na 1974, ana sauran sanyi. Na gama gaba, na gama baya, na gama gefe ɗaya, kowane falle yana tafiya a ƙarƙashin hannu kamar aljihun tebur. Saura bango ɗaya, mafi tsawo, wanda ke kallon yamma, ta wajen da ake shiga da mota. Rana takan kwana biyu a jikinsa, in ji masu magana, don tun azahar take dukansa har faɗuwarta. Ana cikin haka matarsa, Hajiya Rabi, ta haihu ranar Lahadi, mace. Suna ya kama Lahadi mai zuwa. Ruwa kuma ya tsinke daga Talata har Juma'a, ban buga ƙusa ko ɗaya ba. Alhaji ya ce ba zai tara jama'a bango ɗaya yana tsirara da baƙar takardar kwalta ba. Na ce masa kwana uku nake buƙata. Ya ce, "Allah zai kawo sauƙi." Ban san sauƙin da yake nufi ba.

Ranar Asabar na biya ta wurin masu sayar da kaya na ɗauko ƙarfen kwana, wanda ake rufe kusurwar bango da shi, layin mai ma ya ci mini lokaci, don shekarar wahalar mai ce. Ban iso Flatbush ba sai wajen goma da rabi. Tun daga bakin layi nake jin ƙarar guduma, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na shigo, sai ga mutum takwas a jikin bangona. Alhaji ya yi gayya. Akwai likita, akwai ɗalibai biyu na jami'a, akwai wani ma'aikacin ofis ɗan Nijar da ya naɗe hannun rigarsa mai tsada, akwai wani ɗan Zango daga Kumasi yana ba da waƙa suna amsawa. Tun bayan Asuba suke. Ƙanshin miya yana fitowa daga kicin, mata suna ta aikin suna. Falle tara sun hau, bangon ya wuce kaina. Kowa fuskarsa fal murna, sun zo taimakon ɗan'uwa.

Na ajiye kaya, na ɗora tafin hannu a kan falle na tura. Kamar na tura dutsen Dala. Na leƙa layin sama da ba a rufe ba tukuna. Kowace ƙusa an bi ta har ta lotsa ƙarfen, wasu ma ba a tsaga aka sa su ba, sabon rami aka huda. Bakin kowane falle an danna shi cikin ƙarfen kwana ƙam, ba a bar masa ko wurin numfashi ba. A cikin sanyin Maris, lokacin da ƙarfe yake a tsuke! Ban buƙaci kowa ya gaya mini abin da zai faru a watan Yuli ba.

Na matsa kusa da Alhaji, na rage murya, na ce, "Alhaji, ƙusoshin nan da an ɗan sassauta musu."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kun ji Sabo! Ai gyara maka muka yi. Sati uku ina kallonka ta taga, ƙusarka ba ta shiga, kullum sai ka bar ta a tsaye. Na yi shiru ne don kada in ba ka kunya. Ɗan kafinta guda! Mahaifinka haka yake rufi a Fagge?"

Aka kwashe da dariya. Likitan ya ce, "Turawa sun koya masa ha'inci, sauri suke kada guduma ta gaji." Ɗan Nijar ya ce, "Bari, Malam Sabo, mu namu aikin ko guguwa ba ta ɗaga shi."

To, a nan ne nake so ku buɗe kunne. Na san gaskiya. Ba zato nake ba, na sani kamar yadda na san sunana. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce kowa ya sauke guduma, mu cire falle tara ɗin nan, a yi suna da bango tsirara. Amma ta yaya? Mutumin da ya ba ni wurin kwana, a gidansa, a gaban baƙinsa, ana gobe sunan 'yarsa, in ce masa bai iya ba? In ce wa likita da masu digiri aikin da suka yi tun Asuba ɓarna ce? An yi mini tarbiyya, ba a mayar wa babba magana. Sai na yi murmushin yaƙe, na ce, "Allah ya saka da alheri, ku huta haka nan, saman sai da tsani, ni zan ƙarasa." Suka je cin tuwo. Ni kuma na hau, na maƙala fallena na goma a bakin nasu na tara, na rufe ƙusoshinsu da hannuna. Har yau in na tuna ƙarar maƙalawar nan sai na ji haushin kaina.

Aka yi suna, aka yi ta yaba gida. Bito ya zo bayan sati, ya tura falle biyu a gaba, ɗaya a baya, ya ce da kyau. Bai zagaya yamma ba, ni kuma ban ce ya zagaya ba. Wannan ma ku rubuta shi a kaina.

Yuli ya zo da zafin da kwalta take kama takalmi. Bangon ya tashi. Daga ƙasa zuwa falle na tara ya yi tudu-tudu kamar tabarmar da ruwa ya jiƙa ta bushe. Da rana ta juyo sai ya fara ƙara, ƙas, ƙas, har cikin ɗaki ake ji. Wurare uku maƙalin ya ɓalle, baki ya buɗe. Alhaji bai kira ni ba. Lambar da ke rubuce a jikin motar ya kira, ya ce a turo masa Baturen da kansa, yaronsa ya cuce shi.

Tare muka je da Bito. Ya tsaya gaban bangon ya daɗe. Ya sa ƙugiya ya buɗe falle na huɗu, ya ga ƙusoshin. Ya sa na kafa tsani, ya hau da gwiwoyin nan nasa, ya tura na goma sha biyu, ya tafi sumul. Ya sauko. Ya ce, "Na ƙasan nan ba hannunka ba ne."

Na ji sanyi a raina, na fara ba shi labari da sauri: gayya ce, al'adarmu ce, mutanen kirki ne, dattijo ne, ba a yi wa babba haka a wurinmu. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Ka gani kafin ka rufe?"

Na ce, "Na gani."

"Ka tura da hannunka?"

"Na tura."

Ya ce, "To naka ne." Ya juya ya nufi mota.

Alhaji ya biyo shi yana cewa ai ƙusoshin sama da aka bari sako-sako su suka saki nauyi a kan na ƙasa. Bito ya yi masa bayani sau ɗaya, ya ce a bari a cire a sake. Alhaji ya ce ba mai ƙara taɓa masa gida, ya ga iyakar iyawarmu. A watan Satumba Bito ya miƙa wa ɗan 'yar'uwarsa makullin mota da birek. Bai kore ni ba, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Abin da ya ce kawai shi ne, "Hannunka ya fi nasa, Sabo. Amma shi in ya ga ɓarna zai yi ihu." Sabon maigidan kuwa bai wuce wata biyu ba ya ce aiki ya yi ƙasa, in nemi wani wuri.

Sai shekarar wahala ta shigo. Ku tambayi duk wanda ya ga 1975 a garin nan. Birni ya tsiyace, ana ta sallamar ma'aikata, shara ta taru a titi, ba mai tunanin yi wa gida riga. Ni ga mata ga jariri a unguwar Park Hill, can Staten Island. Na koma wanke kwanuka, ina bin bas zuwa tashar jirgin ruwa tun duhun Asuba da hannun da ya iya birek. Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. A wurin sallar Juma'a, a wurin suna, a wurin ɗaurin aure, labari ɗaya ne: Sabo ya lalata gidan Alhaji Habibu. Su wa ke yaɗawa? Mutanen da suka riƙe gudumar! Likitan nan da kansa na ji yana cewa, "Shi ya sa ni aikin hannu ba na ba namu." Ina tsaye a bayansa, na haɗiye. Kullum haɗiyewa, kamar abincina ke nan.

Bito ya rasu a watan Fabrairu. A bakin wani mai sayar da ƙusa na ji, bayan an yi kwana tara da binne shi.

A watan Afrilu Hajiya Rabi ta kira ni a waya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Malam Sabo, ka yi haƙuri, ba da sanin Alhaji na kira ba. Bangon ɗakin yarinyar nan tun sanyi yake jiƙe, ya yi baƙi, ita kuma tari ya ƙi barinta. Ni ina kicin ranar, ta taga na ga lokacin da ka tura ƙarfen nan, na ga fuskarka. Don Allah ka zo." Ashe akwai wanda ya gani.

Na ari tsani, na yi hayar mota, na sayo falle tara. Ba ni da birek, tsakanin katako biyu na lanƙwasa bakin taga, kamar maƙerin ƙauye. Ranar Asabar da safe na kafa tsani ba tare da na yi sallama ba, na fara cirewa daga sama. Ƙarƙashin tagar yarinyar katakon ya fara laushi, takardar kwalta ta yage, ruwan lokacin sanyi guda ya bi ta bakin da ya buɗe. Ina cikin sauya katakon Alhaji ya fito, da baƙi biyu da suka zo gaishe shi, ɗayansu likitan nan ne. Ya tsaya ya dube ni. Ina jin Hajiya ta riga ta yi masa magana a ciki, don bai kore ni ba. Ya koma, ya fito da guduma.

Ya ce, "To, tunda ka zo, ka zo. Amma wannan karon a kanka zan tsaya. Duk ƙusar da ka bari, ni zan ƙarasa ta."

Na sa fallen farko a kan layin alli, na buga ƙusa, na tsaya inda ake tsayawa. Ya matso, ya sunkuya, ya ɗaga gudumarsa. Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba. Hannun Alhaji Habibu, a gaban mutane. Na zare gudumar daga yatsunsa, na soke ta a ɗamarata. Na dube shi a ido, karo na farko a rayuwata, na ce, "Alhaji, magani ka sani, ban taɓa gaya maka yadda ake haɗa shi ba. Wannan aikina ne. Ku kuka kashe bangon nan, ni kuma na rufa muku saboda kunya, yarinya tana ciki tana tari. Ka koma ciki."

Likitan ya ce, "Kai, Sabo! Ubanka ne fa!"

Na ce, "Kai ma ka matsa, inuwarka tana kan layina."

Alhaji ya juya ya shige gida. Kwana uku na yi a bangon nan ni kaɗai. Kullum da azahar sai in tarar da kwanon abinci a rufe a kan matakala, ban ga mai ajiyewa ba. Ran da na gama na bi falle ɗaya bayan ɗaya ina turawa, duka suna tafiya. Na ajiye masa gudumarsa a bakin ƙofa.

Kada ku zaci an yi mini tafi. Sunana ya tashi daga maha'inci ya koma maras kunya, wanda ya ci abincin mutum ya kama masa hannu. Alhaji Habibu bai ƙara amsa sallamata ba har ya koma gida bayan shekara goma sha ɗaya, can ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na yi rashin uba a ranar nan, kuma na sani tun kafin in riƙe hannun. Yarinyar dai tarinta ya tsaya. Sai da na ƙara shekara shida ina yi wa wasu aiki kafin na sayi birek nawa, tsoho, na hannu.

Gidan yana nan a Flatbush, an sayar da shi ya fi sau biyu, fentin ya koɗe, amma bangon yamma a miƙe yake kamar ran da na sauka. Wani lokaci in na bi ta layin nakan tsaya in tura falle ɗaya, masu gidan na yanzu suna leƙena ta taga kamar mahaukaci. Yana tafiya. Sai dai mutumin da nake so ya ɗora hannunsa a wurin ya tura, wata biyu ya rage masa ya gani. Bito ya tafi kabari da sanin cewa Sabo mai gani ne ya rufe. Maganar da na yi a Afrilu, da na yi ta a Maris na 1974, minti ɗaya za ta ɗauke ni.

Don haka ranar Asabar zan zo gidan Hajiya Uwani ƙarfe bakwai. Sayidin na roba da kuke sawa yanzu ya fi na alminiyam tafiya, in ba ku sani ba ku sani. Kowa ya zo da dayim a aljihu. Kada wanda ya kawo mini kujera. Kuma duk wanda na riƙe wa hannu, ko ɗan wane ne, ko digirinsa nawa, ya sakar mini gudumar kawai.